Bindiga a Gaban Alƙalai Uku: Yadda Kotunan Ɗaukaka Ƙara Ke Juya Akalar Shari'o'in Mallakar Makami a Amurka



Ranka ya daɗe shugaban wannan zama, iyayenmu malamai, masu girma alƙalai da lauyoyin da suka ajiye ayyukansu suka halarta, 'yan'uwa maza da mata, da ku ɗalibai da na ga kun cika zauren har bakin ƙofa, barkanmu da yamma.  

Batun da aka ɗora mini shi ne yadda kotunan ɗaukaka ƙara a Amurka ke juya akalar ƙararrakin da ake shigarwa don ƙalubalantar dokokin taƙaita mallakar bindiga. Na san wani zai ce a ransa, ina ruwan biri da gada? Mu da muke fama da namu, me ya kai mu Amurka? Amsar da zan ba shi ita ce watan Yunin 2022. A ranar 23 ga watan, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa ɗan ƙasa mai bin doka yana da 'yancin fita da ƙaramar bindiga don kare kansa. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin jihar Zamfara ta fito ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu daga 'yan bindigar daji. Tambayar guda ce a can da nan: wa ya cancanci riƙe makami, kuma wa ke da hurumin faɗa?

Sai dai dokokinmu sun sha bamban. Kundin tsarin mulkinmu na 1999 bai ba kowa 'yancin mallakar bindiga ba. Ya sa makamai cikin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma Dokar Bindigogi da muka gada tun 1959 ta damƙa komai a hannun mai ba da lasisi, tun daga shugaban ƙasa har zuwa kwamishinan 'yan sanda, wanda bindigar toka ke ƙarƙashinsa. Don haka ban zo in ce mu kwafo tasu ba. Na zo ne mu leƙa yadda kotun tsakiya ke aiki idan aka miƙa mata batun da rai ke ciki. Abin da nake so in tabbatar muku a yau shi ne, duniya na kasa kunne ga Kotun Ƙoli, amma dokar da Ba'amurke ke kwana da ita ya tashi da ita, galibi kotun ɗaukaka ƙara ce ta rubuta ta.

Na ɗaya: inda shari'a ke ƙarewa

A tsarin tarayyar Amurka akwai kotunan matakin farko 94. Sama da su akwai kotunan ɗaukaka ƙara 13, mafi yawansu kowace da shiyyarta. Kotun shiyya ta biyar tana zama a New Orleans, tana kula da Teksas, Louisiana da Mississippi. Ta tara tana San Francisco, tana kula da Kalifoniya, Hawai da sauran jihohin yamma. Ta huɗu tana Richmond, ta uku tana Filadelfiya, ta bakwai tana Shikago. Ku lura da bambancinsu da mu. Tamu Kotun Ɗaukaka Ƙara ɗaya ce, rassa kawai take da su a Kano, Kaduna, Sakkwato, Jos da sauran wurare. Tasu kowace gashin kanta take ci. Hukuncin shiyya ta biyar ya hau kan duk alƙalin tarayya da ke Teksas, amma alƙalin Kalifoniya yana iya karanta shi ya ajiye.

Ga kuma babban abin. Kotun Ƙolinsu ba dole ba ne ta saurari kowa. Dubban mutane ne ke buga mata ƙofa kowace shekara, sai alƙalai huɗu cikin tara sun yarda kafin a buɗe, kuma abin da take saurara bai cika wuce shari'a sittin zuwa saba'in ba. Kotunan shiyya kuwa suna karɓar kimanin ƙara dubu arba'in a shekara. To, ku yi lissafin da kanku. Ga kusan kowane mai ƙara, alƙalai ukun da suka zauna a kan takardunsa a kotun shiyya su ne ƙarshen tafiya.

Tarihin batun bindiga ya nuna haka sarai. Gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 jimla ɗaya ce tak. Farkonta yana maganar muhimmancin rundunar sa-kai mai tsari ga tsaron ƙasa mai 'yanci, ƙarshenta yana cewa kada a tauye haƙƙin jama'a na ajiye makamai da ɗaukarsu. Haƙƙin na kowane mutum ne, ko na runduna? Kotun Ƙoli ta taɓo batun a shari'ar Miller a 1939, a kan wata bindiga da aka datse wa baki, daga nan ta kama bakinta kusan shekara saba'in. Duk tsawon wannan lokaci kotunan shiyya ne ke fassara, kuma galibinsu sun ce haƙƙin yana rataye ne da aikin runduna. Sai a 2001 shiyya ta biyar, a shari'ar Emerson, ta ce a'a, na kowane mutum ne. A 2002 shiyya ta tara ta ce ba haka ba ne. A 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washinton ta ƙara gaba, ta soke dokar birnin da ta hana ajiye ƙaramar bindiga a gida. Wannan ne ya sa Kotun Ƙoli ta buɗe baki. A shari'ar Heller, ranar 26 ga Yunin 2008, alƙalai biyar cikin tara suka ce haƙƙin na mutum ne, musamman don kare kai a cikin gida. A 2010, a shari'ar McDonald da birnin Shikago, aka ce hukuncin ya hau kan jihohi da birane ma.

Na biyu: wa ke riƙe da mudu?

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar hatsi ya san cewa ciniki ba a farashi kaɗai yake ba. Za ku ga mai saye ya tsuguna gaban buhu, kafin ya taya sai ya ɗauki mudun ya juya shi, ya duba gindinsa ko an buga shi ciki, ya tambaya ko da tozo ake awo ko a shafe. Ya san idan mudu ya sauya, komai ya sauya, ko da farashin bai motsa ba.

Hukuncin Heller ya ce akwai haƙƙi, ya kuma ce haƙƙin yana da iyaka. Har ya ambaci cewa hana masu manyan laifuka riƙe bindiga, da hana shiga da ita makarantu da gine-ginen gwamnati, ba a taɓa su ba. Amma bai ba da mudun da za a auna sauran dokoki da shi ba. Kotunan shiyya ne suka sassaƙa nasu, kuma shiyya ta uku na cikin na farko a 2010, a wata shari'a kan bindigar da aka goge wa lamba. Awo biyu ne. Da farko a tambaya, dokar nan ta taɓa abin da gyara na biyu ke karewa? Idan ta taɓa, sai a ɗora ta a sikeli: a gefe guda nauyin da ta ɗora wa mai bindiga, a ɗaya gefen amfanin da gwamnati ta ce za a samu wajen kare rayuka. A nan gwamnati ke kawo alƙaluman kisa da rahoton masana, alƙalai su duba ko dokar ta dace da manufarta.

Da wannan mudu, dokoki da yawa sun tsallake. A 2012 shiyya ta biyu ta amince da dokar jihar Niyok mai cewa sai ka nuna dalili na musamman kafin a ba ka lasisin fita da bindiga. A 2017 shiyya ta huɗu ta amince da dokar Maryland da ta haramta bindigogi irin su AR-15, dokar da aka yi a 2013 bayan kisan yara ashirin da manya shida a makarantar firamare ta Sandy Hook. Masu goyon bayan mallakar bindiga suka yi ta kukan cewa an buga gindin mudun, domin kusan duk lokacin da gwamnati ta ce tsaron jama'a, sai alƙalai su gyaɗa kai. A ganina kukan nasu ba banza ba ne gaba ɗaya. Haƙƙin da kullum yake faɗuwa a sikeli dole mai shi ya yi zargin sikelin. Amma mudun yana da wata fa'ida da bai kamata a manta ba: yana barin alƙali ya tambayi abin da kowane uba zai tambaya, wato shin dokar nan tana rage gawa?

Shekara goma sha biyu ana haka, daga 2010 zuwa 2022, Kotun Ƙoli ba ta ce komai mai nauyi ba in ban da wani gajeren hukunci a 2016. Mudun kotunan shiyya shi ne doka.

Na uku: ƙiyasi da tarihin 1791

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne zuciyar maganar.

A shari'ar Bruen ta 2022, wadda na ambaci hukuncinta tun farko, alƙalai shida cikin tara, da alƙalamin Mai Shari'a Clarence Thomas, suka soke waccan doka ta Niyok, suka kuma karya mudun kotunan shiyya. Suka ce a ajiye sikeli. Daga yau, idan doka ta taɓa abin da lafazin gyara na biyu ya ƙunsa, nauyi yana kan gwamnati ta nuna cewa dokar ta dace da al'adar dokokin makamai da aka sani a tarihin ƙasar. Wato ta tono tsofaffin dokoki masu kama da ita, a duba dalilin da ya sa aka yi su da kuma yadda suka taƙaita haƙƙin.

Malamanmu na fiƙihu da ke zaune a nan sun riga sun gane abin da ake nufi. Wannan ai ƙiyasi ne. Akwai asali, wato tsohuwar doka. Akwai reshe, wato dokar yau. Sai a nemi illar da ta haɗa su kafin a ɗauko hukuncin wannan a ɗora wa wancan. Kuma duk ɗalibin usulu ya san rigimar ƙiyasi a wurin illa take. Idan ka ƙuntata ta, babu abin da zai yi kama da asali. Idan ka faɗaɗa ta, komai zai shiga. To, wa ke tantance faɗinta? Kotun ɗaukaka ƙara. Ƙa'idar ita ce, idan batun abin da ya faru ne, wa ya harba, wa ya gani, kotun sama ba ta cika taɓa abin da alƙalin ƙasa ya gano ba sai kuskuren ya fito fili. Idan kuwa batun fassarar doka ne, sabon lale take yi, ba ruwanta da ra'ayinsa. Tambayar ko wata doka ta saɓa wa kundin tsarin mulki tana cikin kashi na biyu. Saboda haka alƙalan shiyya da kansu suke buɗe dokokin ƙarni na sha takwas suna karantawa.

Ga abin da ya biyo baya. Akwai wani mutum a Arlington ta jihar Teksas mai suna Zackey Rahimi. A watan Disambar 2019 ya yi rigima da uwar ɗansa a wurin ajiye motoci, ya ja ta da ƙarfi zuwa mota, da ya lura wani na kallo sai ya ɗauko bindiga ya harba. A Fabrairun 2020 kotun jiha ta ba da umarnin ya nesance ta. Wata dokar tarayya ta 1994 ta haramta wa duk wanda ke ƙarƙashin irin wannan umarni riƙe bindiga. Tsakanin Disambar 2020 da Janairun 2021 aka danganta shi da harbe-harbe biyar, ɗaya daga ciki a wani gidan abinci, inda ya harba sama don an ƙi karɓar katin kuɗin abokinsa. Da 'yan sanda suka binciki gidansa, sun tarar da ƙaramar bindiga, da doguwa, da harsasai, da kuma kwafin takardar umarnin kotun. Ku dubi wannan hoto: takardar da aka rubuta don kare ran mace tana gida ɗaya da makamin da aka rubuta ta dominsa.

Kafin Bruen, shiyya ta biyar ta tabbatar da hukuncin da aka yi masa kan saɓa wa waccan doka ta 1994. Bayan Bruen ta janye, ta sake zama, a farkon 2023 ta ce dokar 1994 ta saɓa wa kundin tsarin mulki, domin ba a samo mata makamanciya a zamanin kafa ƙasar ba. Ina tambaya: ta yaya za a samo? A 1791 kusan ko'ina mace ba ta da ƙuri'a, ba ta zama a majalisa, kuma dukan mata a gida ba abu ne da hukuma ta cika shiga ba. Bindigar zamanin ma irin tamu ta toka ce, a ɗura a harba sau ɗaya. Idan an ce sai abin da mutanen wancan zamani suka hana ne kaɗai za a iya hanawa, an mayar da sakacinsu ya zama haƙƙin mai laifin yau. Ni wannan hukunci ya dame ni ƙwarai, domin daga ranar da ya fito, a jihohi uku, matar da ta yi ƙarfin hali ta je kotu ta karɓo takarda ta rasa ɗaya daga cikin katangun da ke tsakaninta da mai yi mata barazana.

A ranar 21 ga Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, takwas da ɗaya. Babban Mai Shari'a John Roberts ya ce ba tagwaye ake nema ba, manufa ake nema. Ya kawo tsofaffin dokoki iri biyu: mai sa wanda ake tsoron sharrinsa ya kawo mai tsaya masa, da mai hukunta wanda ke yawo da makami yana firgita jama'a. Illar da ke cikinsu, in ji shi, ita ce wanda kotu ta gano barazana ne ga ran wani ana iya raba shi da makami na wani lokaci. Wanda ya ƙi yarda shi kaɗai shi ne Thomas, marubucin Bruen, wanda ya ce tsofaffin dokokin ba su yi kama da ta yau yadda ya kamata ba. Idan wanda ya sassaƙa mudu da abokan zamansa takwas sun kasa daidaitawa kan yadda ake awo da shi, me ake tsammani daga ɗaruruwan alƙalan da ke ƙasa? Tun a 2022 wani alƙalin tarayya a Mississippi, Carlton Reeves, ya faɗa a rubuce cewa su alƙalai ba masana tarihi ba ne, har ya tambayi ɓangarorin ko ya ɗauko masanin tarihi ya taimaka masa.

Wani abin takaici kuma, da lauyoyin gwamnati suka shiga tono, cikin abin da suka samo akwai dokokin da suka hana bayi, da 'yan asalin ƙasar, da mabiya ɗariƙar Katolika riƙe makami. Dokokin wariya ne da kowa ke ƙyama a yau, amma ga su ana kawo su gaban kotu a matsayin asalin ƙiyasi.

Na huɗu: ƙasa ɗaya, doka iri-iri

Bryan Range mutumin jihar Pennsylvania ne. A 1995 ya amsa laifin rage yawan abin da yake samu a takardar neman tallafin abinci na gwamnati, lokacin yana yankan ciyawa don ciyar da iyalinsa. Tallafin da ya karɓa ba bisa ƙa'ida ba bai kai dala dubu uku ba, kuma ko kwana ɗaya bai yi a gidan yari ba. Amma da yake laifin na cikin waɗanda dokar jihar ta tanadar wa ɗaurin har shekara biyar, dokar tarayya ta haramta masa bindiga har abada, ko ta farautar barewa. Ya shigar da ƙara a 2020. Bai ce a soke dokar ga kowa ba, cewa ya yi ba ta dace da shi ba. Wannan dabara ce da ya kamata ɗalibai su riƙe: akwai ƙarar da ke neman tumɓuke doka daga tushe, akwai mai neman a zare mutum ɗaya daga ƙarƙashinta. Ya faɗi a kotun farko, ya faɗi gaban alƙalai uku, sannan cikakkiyar kotun shiyya ta uku ta ba shi gaskiya a Yunin 2023, ta kuma sake ba shi a Disambar 2024 bayan Kotun Ƙoli ta ce a sake dubawa.

Shiyya ta takwas kuwa, a shari'ar Jackson, ta ce ba za ta riƙa bin laifuka ɗaya bayan ɗaya ba, haramcin ya hau kan kowa. Ke nan mai irin tarihin Range a Pennsylvania yana da ƙofar da zai buga, takwaransa a Minnesota ba shi da ita, alhali dokar tarayya ɗaya ce, kundin ma ɗaya.

Haka batun shekaru. A Janairun 2025 shiyya ta biyar ta ce hana dillalai sayar wa 'yan shekara 18 zuwa 20 ƙaramar bindiga ya saɓa wa kundin. A Yunin shekarar shiyya ta huɗu ta ce bai saɓa ba. A tsakaninsu, a watan Maris, shiyya ta goma sha ɗaya ta amince da dokar Fulorida da ta ɗaga shekarun sayen bindiga zuwa 21, dokar da aka yi bayan kisan mutum 17 a makarantar sakandare ta Parkland a 2018. Lauyoyin ƙungiyoyin ɓangarorin biyu sun san wannan taswira kamar tafin hannunsu, shi ya sa kafin su rubuta ƙara sukan fara zaɓar inda za su shigar da ita. Mu ma nan mun san ɗacin abin, duk lokacin da rassa biyu na Kotun Ɗaukaka Ƙara suka ba da hukunci masu karo da juna a kan batu ɗaya, musamman a shari'o'in zaɓe.

Na biyar: zaman gayya da jinkiri

Hukuncin alƙalai uku ba lallai ya zama ƙarshe ba ko a cikin shiyyar. Idan mafi yawan alƙalan kotun suka ga dama, sai su shafe shi su yi abin da zan kira zaman gayya, kowa ya hallara a sake sauraro. Shiyya ta tara, saboda kujerunta 29 ne, goma sha ɗaya take zaunarwa.

Ku bi ni a wannan shari'a ta Duncan. A 2016 masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da haramta mallakar gidan harsashi mai cin fiye da goma. Aka kai ƙara a 2017. Ranar 29 ga Maris 2019 alƙali Roger Benitez na San Diego ya soke dokar. Mako guda cif ƙofa na buɗe, mutane suka yi ta saye, kafin ya jingine hukuncin nasa har a ji ɗaukaka ƙara. A 2020 alƙalai uku, biyu da ɗaya, suka goyi bayansa. A 2021 zaman gayya ya rushe, bakwai da huɗu. A 2022 Kotun Ƙoli ta ce a koma a sake dubawa da mudun Bruen. A Satumbar 2023 Benitez ya sake soke dokar. A Maris 2025 zaman gayya ya sake tabbatar da ita, bakwai da huɗu. Zafin ya kai har ɗaya daga cikin alƙalan da suka ƙi yarda, Lawrence VanDyke, ya ɗauki bidiyon kansa a ofishinsa yana kwance bindigogi yana bayani, abin da wasu abokan aikinsa suka yi tir da shi a rubuce.

Shekara takwas ke nan. Kuma in ban da wancan mako guda, haramcin sayar da irin wannan gidan harsashi ya tsaya daram duk tsawon lokacin. Me ya riƙe shi? Wata 'yar takarda ta jingine hukunci, wadda sau da yawa ba ta wuce shafuka kaɗan ba. Jaridu ba su cika kula da ita ba, amma ita ce ke faɗin dokar da za a zauna a kai tsawon shekarun da ake jira. Ni ina ganin dokar ta Kalifoniya tana da hujja, domin daƙiƙun da maharbi ke ɓatawa wajen sauya gidan harsashi su ne daƙiƙun da yaro ke samu ya gudu. Duk da haka ba zan ɓoye muku ba, wanda ya ci shari'a sau biyu a ƙasa kuma bai ga amfanin cin ba yana da dalilin jin an zalunce shi. Ko wane ɓangare kake, shekara takwas ta yi yawa.

Na shida: abin da ba ya isa sama

Wannan a taƙaice zan faɗe shi. Wani lokaci wanda ya faɗi a kotun shiyya da gangan yake ƙin ɗaukaka ƙara. A 2017 birnin Washinton ya sha kaye a shari'ar Wrenn kan sharaɗin nuna dalili kafin fita da bindiga, ya haƙura, don gudun kada Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da zai shafi sauran jihohi masu irin dokar. Birnin Niyok kuwa, da ya ga Kotun Ƙoli ta karɓi wata ƙara a kansa, sai ya gyara dokar, a 2020 aka ce babu sauran abin saurare. A Yunin 2025 Kotun Ƙolin ta ƙi karɓar ƙarar da aka kai kan dokar Maryland ta AR-15, wadda shiyya ta huɗu ta sake tabbatarwa a 2024 da ƙuri'a goma da biyar. Alƙalai uku sun so a saurara, ba a samu na huɗu ba. Mai Shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta cewa yana sa ran kotun za ta duba batun nan da zango ɗaya ko biyu, bayan wasu kotunan shiyya sun faɗi nasu. Da wannan ƙin karɓa, hukuncin Richmond ya ci gaba da zama doka a jihohi biyar na shiyyar.

Ranka ya daɗe shugaba, na ga lokacin da aka ɗiba mini ya cika.  Inda na yi kuskure a gyara mini. Yanzu fili naku ne, mai tambaya ko ƙarin bayani bismillah, kuma zan so a fara da ɗalibai.